Guduma, dunƙulen ƙarfe da dala ɗari: abin da ke ƙarƙashin ce-ce-ku-cen Cybertruck

Daren Alhamis, 21 ga Nuwamban 2019, a wani zaure na kamfanin Tesla da ke Hawthorne, gefen birnin Los Anjeles, aka turo wata mota kan dandamali cikin hayaƙi da walƙiyar fitilu. An daɗe ana jiran ta. Shugaban kamfanin, Elon Musk, ya shafe shekaru yana cewa zai ƙera a-kori-kura mai amfani da lantarki, har ya riga ya ja kunnen jama'a cewa ba za ta yi kama da wadda suka saba gani ba. Duk da haka, da hayaƙin ya lafa, da yawa daga masu kallo ta intanet sun ɗauka zolaya ce, suna jiran a janye wannan a fito da ta gaskiyar. Layi ɗaya miƙaƙƙe ya tashi daga hancinta ya haura zuwa saman kan direba, wani ya gangaro daga nan zuwa wutsiya, siffar ke nan ta ƙare. Babu lanƙwasa, babu fenti, babu madubin gefe, fitilar gaba kuma zare guda ce daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sunanta Cybertruck.

Sai shugaban masu zana motocin kamfanin, Franz von Holzhausen, ya ɗauko guduma irin ta fasa dutse. Ya fara da ƙofar wata mota ta yau da kullum, ta lotsa. Ya juya ya maka wa ƙofar Cybertruck, ko gezau. Zaure ya ɗauki shewa. Daga nan aka zo kan gilashi, wanda aka ce mai sulke ne. Musk ya ce a jefe shi. Franz ya tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ƙwarai. Ya ɗaga dunƙulen ƙarfe mai cika tafin hannu ya jefi tagar direba, gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Musk ya saki ashar, ya ce wataƙila jifan ya yi ƙarfi. Maimakon a bar kaza cikin gashinta, sai aka ce a gwada tagar baya. Ita ma ta tsage. Musk ya yi ta maza, ya ce ai dai dunƙulen bai ratsa ba, ya ci gaba da bayanin farashi da ƙarfin mota, fasassun tagogi biyu na bayansa har taro ya tashi.

Washegari hannun jarin Tesla ya faɗi da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Kafin mako ya zagayo kuma, Musk ya sanar cewa an yi rajistar sayen mota 250,000. Masu dariya suka riƙe lambar farko suka ce ga shaida, mota ta mutu tun ba a haife ta ba. Masoya suka riƙe ta biyu suka ce ga amsa. A ganina duk ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin abin da aka auna a wancan mako shi ne yawan masu kallo. Mai saye kuwa lissafinsa daban, kuma sai bayan shekara huɗu aka fara jin ta bakinsa.

Kafin a gane dalilin da ya sa mota guda ta ɗaga hankalin ƙasa, sai an san matsayin a-kori-kura a Amurka. A nan wajenmu motar aiki ce: buhunan masara, bulo, tumaki ranar kasuwa, tun zamanin Fijo 404 har zuwa Hilux. A can kuwa ita ce motar gida, motar zuwa ofis, kuma tambarin namijin duniya. Jerin F na kamfanin Ford ya riƙe kambun a-kori-kurar da aka fi saye a ƙasar tun 1977, kuma a 2019 kaɗai an sayar da kusan 900,000. A shekarar, motoci uku da suka fi kasuwa a Amurka duk a-kori-kura ne: Ford, Ram da Chevrolet Silverado. Nan ribar kamfanonin Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka, take. An kuma kewaye kasuwar da katanga tun 1964, lokacin da gwamnatin Lyndon Johnson ta ɗora harajin kashi 25 kan irin waɗannan motoci da ake shigo da su, ramuwar gayya kan harajin da Turai ta sa wa kajin Amurka. Har yau harajin kaji ake ce masa. Hilux ɗin da muke gani ko'ina ma ba a sayar da ita a can. Masu sayen waɗannan motoci sun shahara da riƙon gado: wanda ubansa ya tuƙa Ford, da wuya ka raba shi da Ford. Cikin wannan gida Tesla ta shigo, kuma ba ta yi sallama ba.

Yanzu batun siffa, wanda shi ya fi cin bakin mutane, shi ne kuma aka fi yi wa gurguwar fahimta. Mafi yawan masu sharhi sun ɗauka son birgewa ne kawai. Akwai wannan, ba a musu. Musk da kansa ya ce ya ɗauko ruhin motar daga fim ɗin Blade Runner na 1982, wanda labarinsa ya faru a Los Anjeles cikin Nuwamban 2019, wato watan taron da wurinsa ba haɗuwa ce kawai ba. Ya kuma ambaci motar Lotus Esprit mai shiga ruwa ta wani fim ɗin James Bond, wadda ya saya a gwanjo a 2013. Amma ainihin abin da ya haifi kusurwoyin nan ƙarfe ne.

Ga yadda ake yin bodin mota a al'ada. Ana ɗaukar farantin ƙarfe mai laushi, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, a sa shi tsakanin wasu tubala biyu na ƙarfe da aka sassaƙa da siffar ƙofa ko bonet, ƙatuwar na'ura ta matse shi da ƙarfin dubban tan. Da bugu ɗaya ƙofa ta fito da duk lanƙwasarta. Sai a kai ta sashen fenti, a tsoma ta a maganin tsatsa, a fesa, a gasa. Waɗannan tubala da sashen fenti suna cikin abubuwa mafi tsada a masana'antar mota. Tesla ta ce za ta tsallake duka biyun. Ta zaɓi ƙarfe mara tsatsa mai tauri, kauri milimita 3, dangin wanda SpaceX, wani kamfanin Musk, ya koma amfani da shi wajen ƙera rokar Starship. Irin wannan ƙarfe ba ya buƙatar fenti, amma kuma ba ya yarda a matse shi. Musk ya ce na'urar ce za ta karye. Abin da ake iya yi masa shi ne a yanka, a tsaga masa layi, a naɗe shi kamar takarda. Abin da aka naɗe kuwa dole ya fito da kusurwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu ƙera akwatin ƙarfe ko ƙofar gida ya ga wannan da idonsa: faranti ya shiga bakin na'urar lanƙwasa, a danna, ya fito da kusurwa guda miƙaƙƙiya, ba za ka taɓa samun kumatun mota daga nan ba.

Tunanin ya wuce nan. An ce fatar motar ita ce za ta zama ƙashinta, kamar ƙwaro ko kunkuru, maimakon a ɗora bodi kan shasi yadda ake yi wa sauran a-kori-kura. A kan takarda lissafin ya yi kyau: ba fenti, ba tubalan matsi, ba shasi mai nauyi, saboda haka mota mai araha. Shi ya sa aka iya faɗin farashin da aka faɗa a daren: dala 39,900 ga mai inji ɗaya da za ta yi tafiyar kilomita 400 a caji guda, 49,900 ga mai biyu, 69,900 ga mai uku da aka ce za ta haura kilomita 800, ta kuma ja kayan da suka wuce tan 6. Aka ce a ƙarshen 2021 za a fara ƙerawa. Wannan alkawari shi ne zuciyar maganar, amma gilashi ya fashe, kallo ya koma sama.

Masu ba'a su suka fara cin kasuwa. Cikin sa'o'i kaɗan intanet ta cika. Wasu suka ce zanen ɗan firamare ne da aka ba shi rula aka hana shi komfas. Wasu suka ce mota ce daga wasannin kwamfuta na shekarun 1990, lokacin da na'ura ba ta iya zana da'ira. Aka kwatanta ta da itacen tokare ƙofa, da firji da ya faɗi. Kamfanin Lego ya saka hoton bulonsa guda a kan tayoyi huɗu, ya ce nasa dai ba ya fashewa. 'Yan sandan Dubai, da ba sa bari a yi bikin mota babu su, suka fitar da hotonta sanye da launinsu. Masu dogon tunani suka tuno DeLorean, motar ƙarfe mara tsatsa da aka ƙera kusa da Belfast a farkon shekarun 1980, wadda aka yi kimanin 9,000 kamfanin ya durƙushe.

Sai dai dariya ba ƙiyayya ba ce, kuma Tesla ta fi kowa sanin haka. Kamfani ne da a lokacin ba ya sayen talla a talabijin, alhali Ford da General Motors suna zuba biliyoyin daloli a kowace shekara. Tagogi biyu da suka fashe sun kai motar gidajen da talla ba za ta taɓa kai ta ba. Har wasu suka yi zargin shiri ne. Ban yarda ba. Wanda ya kalli fuskar Musk a lokacin ya san ba wasan kwaikwayo yake ba. Bayaninsa daga baya shi ne dukan gudumar ne ya riga ya tsaga gindin gilashin, da an fara da jifa kafin guduma da ba a ji kunya ba, har ya saki bidiyon gwajin da aka yi kafin taro inda dunƙulen ya yi tsalle ya dawo. Amma da abin ya riga ya faru, sai suka mai da shi haja: suka buga hoton fasasshen gilashin a riga suka sayar.

Masoyan kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ka tsaya a bakin titi ka rufe tambarin motoci goma na zamani, da ƙyar za ka bambance su. Dokokin kariya da na tsimin mai sun tura kowa zuwa siffa ɗaya, kamar sabulun da ya sha ruwa. Ga mutumin da ya gaji da wannan, Cybertruck ta zo kamar ruwan farko. An kuma ji mutane da yawa suna faɗin magana iri ɗaya: daren farko na tsane ta, kwana uku na fara sabawa, yanzu sauran motoci ne suka yi mini kama da tsofaffi. Ido haka yake, abin da ya daɗe yana gani sai ya zama ɗan gida. Tambayar da ba a yi ba ita ce ko sabo da hoto a waya daidai yake da ciro dubban daloli daga aljihu.

Waɗanda aka fi cancanta a saurara su aka fi yin watsi da su: masu gini, manoma, masu jan tirela, wato mutanen da a-kori-kura ke ci da su. Su ba kyau ko muni ya dame su ba. Tambayoyinsu na aiki ne. Gefen bodin baya ya tashi a karkace har ya haɗe da rufi, to ta yaya mutum zai miƙa hannu daga gefe ya ɗauko akwatin kayan aiki? Ina za a ɗaura tsani da katako? In an ɗaura tirela mai nauyi, nawa zai rage daga tafiyar batir, tunda an san jan kaya na iya cinye kusan rabinta, kuma wuraren caji ba a yi su don mota mai jan wutsiya ba? In ta yi karo fa? Fanel bita yana bubbuga lotsattsen bodi ya miƙe, ya shafa foti, ya fesa fenti, aibi ya ɓuya. Ƙarfen da ba fenti ba shi da wurin ɓoye tabo, sai dai a sauya farantin ɗungurungum.

Akwai kuma rigimar jan igiya. A taron an nuna bidiyon Cybertruck ta ɗaure da Ford F-150, ta ja ta baya kamar akuya. Masu ido suka lura cewa Ford ɗin da alama tayoyinta biyu kawai ke ja, kuma ba ta kai nauyin abokiyar karawarta ba. Masanin taurari Neil deGrasse Tyson ya shiga maganar, ya ce a irin wannan gasa nauyin da ke danne taya a ƙasa shi ke yanke hukunci. Wani babban jami'in Ford, Sunny Madra, ya ce a aiko musu da motar a sake karawa tsakani da Allah, Musk ya ce bismilla. Kashegari Ford ta janye, ta ce raha ce, ba ta da abin da za ta tabbatar wa kowa. Gaskiyarta. Mai sayar da 900,000 a shekara me zai ci a kokawa da motar da ko ɗaya ba a sayar ba?

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masana kariya. Motar zamani da gangan ake yin gabanta ya lotse, domin ƙarfen da ya murƙushe shi ke shanye bugun da zai kai ga jikin mutum. Abin da aka yi wa tafi a kan dandamali, wato ƙofar da guduma ba ta lotsa ba, shi ne abin da ya tsorata su. Game da na cikin motar, gwaji ya wanke ta: hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ba ta tauraro biyar a 2025. Na waje ne abin ji, mai tafiya a ƙasa da mai keke, in hanci mai kaifi na motar da ta kai tan uku ya same su. Dokokin Turai sun tilasta a dakushe gefunan mota saboda wannan dalili, shi ya sa har yanzu ba a sayar da ita a can yadda ake sayar da sauran motocin Tesla. A Janairun 2025 'yan sandan yankin Manchester a Ingila suka kama wata da aka shigo da ita, suka ce ba ta da izinin hawa titi.

Mu dawo kan 250,000 ɗin nan, don nan ne lissafi ya ruɗi mutane. Kafin alƙalamin dala 100 ne, kuma ana mayar wa mutum abinsa duk ranar da ya fasa. A 2016, da Tesla ta buɗe rajistar ƙaramar motarta Model 3, dala 1,000 ta nema, kuma mutum sama da 300,000 suka biya a makon farko. Wanda ya ajiye dubu ya yi shawara da matarsa. Wanda ya ajiye ɗari kuwa, wataƙila so yake ya ɗauki hoton rasit ya saka a Twitter. A kasuwar shanu kowa na iya tayawa, dillali ba ya ƙirga kuɗi sai an sallama. Dala ɗari tayi ce, kuma tayin ma an yi shi ne kan motar dala 39,900 da ba ta wanzu ba tukuna. Duk da haka lambar ta yi wa kamfanin aiki: ta kwantar da hankalin masu hannun jari, ta kuma sa Detroit ta daina ɗaukar a-kori-kurar lantarki a matsayin wasan yara.

Sai jira. 2021 ta wuce, 2022 ta wuce. Kafin nan kamfanin Rivian ya fitar da tasa a-kori-kurar lantarki a 2021, Hummer mai lantarki ta fito, Ford ta kawo F-150 Lightning a 2022, wadda ke da siffar F-150 da kowa ya sani. A Tesla kuwa ƙarfen da aka zaɓa don sauƙi shi ya zama ƙarfen ƙafa. Yana da taurin kai, in an naɗe shi sai ya nemi komawa yadda yake, kuma shimfiɗaɗɗen faranti mai ƙyalli yana tona kowace 'yar karkata. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Dole aka rage kaurin farantin zuwa ƙasa da milimita 2, aka sa manyan zubin alminiyom a ciki su ɗauki nauyi, aka dawo da madubin gefe, aka ƙara doguwar waifa guda ɗaya, kujeru shida suka koma biyar. A Oktoban 2023 Musk ya faɗa wa masu zuba jari da bakinsa cewa sun haƙa wa kansu kabari da wannan mota, a zaman da ya ce masu rajista sun haura miliyan ɗaya.

Ranar 30 ga Nuwamban 2023 aka miƙa motocin farko a masana'antar Austin da ke Tekzas. Franz ya sake fitowa ya jefi taga, amma wannan karon da ƙwallon besbol na fata, a hankali, gilashi bai ce uffan ba. Farashin ne ya yi magana. Mafi araha ta koma dala 60,990, ita ma sai daga baya, ta tsakiya 79,990, babbar 99,990. Rukunin farko ma sai da ƙarin dala 20,000. Tafiyar kilomita 800 ta dawo 500 da 'yan kai. A yi mata adalci, ta zo da fasahar da injiniyoyi suka yaba: sitiyarin da ba sandar ƙarfe tsakaninsa da taya sai saƙon lantarki, tayoyin baya masu juyawa, da wayoyin wuta masu ƙarfin bolt 48 a maimakon 12 da aka gada shekara da shekaru. A 2024, bisa ƙiyasin masu bin kasuwa, an sayar da kusan 39,000, abin da ya sa ta zama a-kori-kurar lantarki mafi kasuwa a Amurka a shekarar. Amma Musk ya yi maganar 250,000 ne a shekara.

Daga nan surutun ya sauya launi. Da Musk ya tsunduma siyasa, ya mara wa Donald Trump baya, ya karɓi aikin rage ma'aikatan gwamnati a farkon 2025, sai motar ta daina zama batun ƙarfe da kusurwa. Aka yi ta zanga-zanga a gaban shagunan Tesla, aka fesa wa wasu motocin fenti, masu su suka riƙa kokawa da zagi a kan titi. Mai Model 3 yana iya sajewa cikin cunkoso. Mai Cybertruck ba shi da wannan dama, don abin da ya biya kuɗi dominsa ke nan, a gan shi daga nesa.

Tesla ba ta ware adadin Cybertruck a rahotonta na ciniki, saboda haka ta wata ƙofa lambar ta fito. A Afrilun 2024 aka janye mota 3,878 domin murfin totur na iya zamewa ya maƙale. A Maris ɗin 2025 aka sake kiran kusan duk wadda aka ƙera tun daga farko, saboda wani siririn farantin ƙarfe da ke gefen gilashin gaba zuwa rufi, wanda aka manna da gam, yana iya ɓallewa ana cikin gudu. Takardar da aka miƙa wa hukuma ta faɗi adadinsu: 46,096.